Kwamfutar Tebur Tana Mutuwa Idan Aiki Ya Yi Nauyi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu kwamfutar tebur wadda take lafiya ƙalau wajen rubutu da shiga intanet, amma da an buɗe wasa mai nauyi ko an fara haɗa bidiyo sai ta ɗauke ɗif. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Kafin ka kashe kuɗi a kan wani sashe, ka karanta ta 2 da ta 6, domin su ne ke nuna inda za a dosa.

1. Me ya sa sai lokacin wasa ko haɗa bidiyo take mutuwa?

Kwamfuta ba ta shan wuta daidai wa daida a kowane lokaci. Idan tana zaune ba aikin kirki, sau da yawa duk injin bai kai wat 100 ba. Da aiki ya yi nauyi sai lissafi ya canza: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, irin Core i9-13900K shi kaɗai yana kai wat 253, katin hoto irin RTX 3080 kuma wat 320. Duk wutar da ta shiga kuwa zafi take komawa. Ke nan abu biyu ne ke hawa tare, jan wuta da zafi, kuma raunin da ke ɓoye a akwatin wuta, ko waya, ko na'urar sanyaya, a lokacin yake bayyana.

Mutuwar ita kanta galibi kariya ce. Furosesa yana da iyakar zafin da in ya wuce zai yanke wuta da kansa, akwatin wuta, wato PSU, shi ma yana da masu gadi a cikinsa da ke kashe shi idan an ja fiye da kima ko ƙarfin wuta ya faɗi. Aikinka shi ne gano wanne mai gadin ne ya tashi.

2. Yanayin yadda ta mutu yana nuna wani abu?

Ƙwarai kuwa, kuma shi ne shaidar farko. Idan ta ɗauke farat ɗaya kamar an zare fulogi, fankoki suka tsaya, fitilu suka mutu, to zargi yana kan zafi ko wuta. Idan kuma ka danna maɓallin kunnawa ta ƙi tashi, sai da ka kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta ka jira 'yan daƙiƙoƙi ka sake kunna shi, wannan alama ce mai ƙarfi cewa kariyar akwatin wutar ce ta kulle shi. Ka wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 10.

Idan ta mutu ta sake tashi da kanta, ƙofa a buɗe take: yana iya zama faɗuwar wuta na ɗan ƙiftawa, yana iya zama RAM ko furosesa da ba su daidaita ba, yana iya zama shuɗin allo, wato saƙon da Windows ke nunawa idan ta faɗi, da ya wuce da sauri ba ka gani ba. Idan kuwa allo ne ya yi baƙi alhali fankoki suna juyawa, wani lokaci ma da ƙarfi, ko sauti yana ci gaba, to kwamfutar ba ta mutu ba. Katin hoto ne ko direbansa ya faɗi. Wadda kuma take fara jan ƙafa, hoto yana sarƙewa, fanka tana ihu, sannan ta mutu, wannan salon zafi ne.

3. Windows tana ajiye dalilin mutuwar a wani wuri?

Tana ajiye wani abu, amma mutane suna dogara da shi fiye da yadda ya kamata. Danna maɓallin Windows da R, rubuta eventvwr.msc, shiga Windows Logs sannan System. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Wannan saƙo ba ya cewa akwatin wuta ya lalace. Abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba. Ko da hannu ka zare fulogi, shi za ka gani. Amfaninsa yana cikin Details, wurin BugcheckCode. Idan sifili ne, Windows ba ta samu damar rubuta komai ba, galibi wuta ce ta yanke mata hanzari. Idan akwai wata lamba, shuɗin allo ne ya faru, sai a duba fayilolin da ke C:\Windows\Minidump.

Ka kuma nemi WHEA-Logger kusa da lokacin mutuwar. Lamba 18 tana nufin kuskure mai kisa daga kayan ƙarfe, lamba 19 kuma kuskuren da aka gyara a kan hanya. Dukansu sun fi karkata ga tambaya ta 15. Don kada shuɗin allo ya riƙa wucewa ba ka gani ba, buɗe sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Settings a ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar Automatically restart. Mai Linux ya rubuta journalctl -b -1 ya karanta ƙarshen zaman da ya gabata.

4. Zafi nawa ne ya yi yawa?

Yawancin furosesan Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyas. Ryzen na 'yan shekarun nan kuma tsakanin 89 da 95, gwargwadon samfuri. Ryzen 7000 an ƙera shi ne ya hau har 95 ya zauna a nan idan an matsa masa, saboda haka ganin wannan lamba kaɗai ba ciwo ba ne. Katin hoto yakan yi aiki tsakanin 65 da 83. Wurin da ya fi zafi a cikinsa, wanda manhajoji ke nunawa da sunan Hot Spot, yana iya haura wannan sosai, kuma 110 ce iyaka a katunan AMD da dama.

Abin lura shi ne furosesan zamani ba ya kashe kansa da zarar ya taɓa iyaka. Rage gudu yake fara yi. Sai in rage gudun bai hana zafi hawa ba sannan ya yanke wuta, wanda ke nufin sanyayawar ta lalace ƙwarai: fanka ta tsaya, famfon mai sanyaya ta ruwa ya mutu, ko ƙarfen sanyaya bai zauna ba. Kwamfutar da ke zaune a digiri 80 ta mutu ɗif, ba zafin furosesa ya kashe ta ba.

5. Ta yaya zan san zafin da ta kai, alhali mutuwa take yi kafin in duba?

Ka sa manhaja ta riƙa rubutawa a fayil. A HWiNFO64, manhajar da ke nuna awon sassan kwamfuta, buɗe Sensors-only, danna maɓallin fara rubuta bayanai da ke ƙasa, ka ba fayil ɗin suna. A saitinta na asali duk daƙiƙa 2 take ɗaukar awo. Rage shi zuwa rabin daƙiƙa. Yi aikin da ke kashe kwamfutar, in ta tashi ka buɗe fayil ɗin da Excel ko makamancinsa, ka sauka layukan ƙarshe. Abubuwan dubawa su ne zafin furosesa, zafin katin hoto da Hot Spot, zafin VRM (sassan da ke ba furosesa wuta) idan madabod, wato babban allon da ake jona komai a kai, yana nunawa, gudun fankoki da famfo, da ginshiƙin Thermal Throttling, mai nuna rage gudu saboda zafi. Layi ɗaya ko biyu na ƙarshe sukan ɓace, amma alkiblar lambobin ta isa: ko suna hawa ba tsayawa, ko suna kwance lafiya har zuwa yankewar.

6. Wane gwaji ne zai raba mini laifin furosesa, katin hoto da akwatin wuta?

A matsa musu da manhajojin gwaji ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗa su. Fara da furosesa shi kaɗai: Prime95 a zaɓin Small FFTs na minti 15 zuwa 20. Bari ta huce, sai katin hoto shi kaɗai da FurMark na tsawon haka. A ƙarshe ka kunna su tare, ko ka yi amfani da gwajin Power na OCCT wanda aikinsa ke nan. HWiNFO ya kasance yana rubutu a duk zagayen, kai kuma idonka na kan zafi. In ya manne a iyaka ka tsayar, ka riga ka samu amsa.

Idan ta mutu a gwajin furosesa kaɗai, duba sanyayawarsa, wayar wutarsa mai fil 8, da VRM na tambaya ta 16. Idan a gwajin katin hoto kaɗai ta mutu, zargi yana kan katin, wayoyinsa, ko akwatin wuta. Idan ta tsallake kowanne shi kaɗai amma ta faɗi da aka haɗa su, akwatin wuta ne kan gaba nesa ba kusa ba. Lokacin mutuwar ma yana magana: wadda ta faɗi cikin daƙiƙoƙin farko wuta ce ta gaza, wadda ta jure minti 20 ko 30 sannan ta faɗi zafi ne ya taru a wani wuri, har da cikin akwatin wutar kansa.

Akwai wadda za ta cinye duk gwaje-gwajen nan amma wasa ya kashe ta. Ba abin mamaki ba ne. FurMark yana jan wuta mai yawa amma a shimfiɗe, wasa kuwa fizga yake yi yana saki. Bayanin wannan yana tambaya ta 10.

7. Na tabbatar zafi ne. Da me zan fara?

Cire murfin gefe, ka kunna fankar ɗaki tana hura ciki, ka maimaita gwajin. Idan mutuwar ta tsaya ko zafi ya sauka sosai, iska ce ba ta zagayawa a gidan kwamfutar. Daga nan kashe ta, zare fulogi, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. Hure ƙura daga haƙoran ƙarfen sanyaya, da na katin hoto, da matatun gaba da na ƙasa. Riƙe fanka da yatsa yayin hurawa kada iska ta juya ta fiye da kima. In gwangwanin iska kake amfani da shi, riƙe shi a tsaye, ka fesa kaɗan-kaɗan. Ƙurar da ta fi cutarwa ita ce wadda ta dunƙule tsakanin fanka da haƙoran ƙarfe, inda ba a gani sai an cire fankar.

Sai ka kunna ka tabbatar kowace fanka tana juyawa. Na katin hoto da yawa ba sa tashi sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60, kada ka ɗauka sun mutu. Duba alkiblarsu: iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan riƙe motar suke. Na gaba su shigo da iska, na baya da na sama su fitar. Idan fankar akwatin wuta tana kallon ƙasa, kada kwamfutar ta zauna a kan kafet mai laushi.

8. Yaya ake canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya?

Bari kwamfutar ta yi aiki na ɗan lokaci don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe ka zare fulogi. Sassauta sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan, ka ɗan murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. Wannan murɗawar wajibi ce a soket AM4, inda busasshen mai kan fizgo furosesa daga mazauninsa har filolinsa su lanƙwashe. Goge fuskokin biyu da barasar isofurofil mai kashi 90 ko fiye da ƙyalle marar gashi. Ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya. Furosesa mai tsawo irin na LGA1700 ya fi son siririn layi. Mayar da ƙarfen ka ɗaure a gicciye har sukurori su tsaya da kansu, ka mayar da wayar fanka a CPU_FAN.

Kafin ka goge tsohon man, dubi shatinsa. Idan ya bazu a gefe ɗaya ya bar ɗayan da kauri, ƙarfen a karkace ya zauna. A sabuwar kwamfuta kuma a duba ko an cire ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen. Mantawa da ita ya fi yadda ake zato yawa. Bambancin man mai tsada da matsakaici 'yan digirori ne kawai, zaman ƙarfen daram ya fi sunan man muhimmanci.

9. Mai sanyaya ta ruwa nake da ita. Me ke lalacewa a cikinta?

Famfo. Idan ya mutu, fankokin lagireto za su ci gaba da juyawa, komai ya yi kamar lafiya, amma zafin furosesa zai harba zuwa iyaka cikin ɗan lokaci, wani lokaci tun a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Duba gudunsa: yawanci dubu biyu ne ko fiye a minti, sifili kuwa na nufin ya tsaya ko wayarsa ba ta shiga ba. Taɓa bututun biyu lokacin aiki. Ɗaya zafi zau kusa da furosesa, lagireto kuma sanyi ƙalau, ruwa ba ya tafiya ke nan. Da shekaru ruwan yana raguwa, datti kuma yana toshe ƙananan hanyoyin cikin farantin. Kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen, domin iska a sama take taruwa. Irin waɗanda aka rufe daga masana'anta ba a cika gyara su ba, canzawa ake yi.

10. Zafi lafiya lau, amma tana mutuwa. Wat nawa ya kamata akwatin wutata ya kasance?

Haɗa mafi girman abin da furosesa ke ja da na katin hoto, ka ƙara wat 60 zuwa 80 na madabod, RAM, ma'ajiya da fankoki. Misali Ryzen 7 5800X yana kai wat 142, RTX 3080 wat 320, jimilla wajen 540. Duk da haka wat 750 NVIDIA ta ba da shawara ga wannan kati, kuma akwai dalili.

Manyan katunan zamani suna fizgar wuta na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma fizgar tana iya kusan ninka abin da aka rubuta musu, kamar yadda injin ban ruwa ke fizga lokacin tashi kafin ya daidaita. Manhaja ba ta ganin wannan, domin ita duk rabin daƙiƙa take leƙawa. Amma mai gadin cikin akwatin wuta yana gani, ya ɗauka wayoyin wuta ne suka haɗe, ya yanke. Wannan matsala ce ta sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa manyan akwatunan wuta masu sabuwar wayar katin hoto su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon mikirosakan 100. Wanda zai saya wa babban kati sabon akwati, ya nemi mai ATX 3.0 ko 3.1.

11. Nawa mai wat 750 ne, lissafi ya nuna ya isa. Zai iya zama shi ne duk da haka?

Zai iya. Lambar da ke jikin kwali ba ita ce hujja ba. Karanta takardar da ke manne a gefen akwatin, ka nemi layin +12V, domin daga nan furosesa da katin hoto suke sha. Ninka amfiya da 12: idan an rubuta 40A, wat 480 ke nan, ko da kwalin ya ce 600. Akwati mai kyau layinsa na 12V kusan daidai yake da jimillar ƙarfinsa. Tambarin 80 Plus kuma auna rashin ɓarnar wuta yake yi, ba shaida ba ce ta ingancin kayan ciki ko jure fizga.

Sannan akwai tsufa. Kafasitocin ciki suna bushewa da shekaru, zafi yana hanzarta hakan, sai akwatin da ya ɗauki nauyin jiya ya kasa na yau. Idan matsalar ta fara da wasa ɗaya mai nauyi, bayan watanni ta bazu zuwa masu sauƙi, wannan tafiyar akwati mai mutuwa ce. Haka nan idan fankarsa ta tsaya, zai yi zafi ya kashe kansa alhali duk lambobin HWiNFO suna lafiya, tunda yawancin akwatuna ba sa aika zafinsu ga manhaja.

12. Waya kawai za ta iya jawo wannan?

Sosai, kuma gyaranta kyauta ne, shi ya sa ya kamata a duba ta kafin a zargi akwati. Ramin PCIe na madabod wat 75 yake bayarwa, fulogi mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150. Idan katinka yana da ramuka biyu ko uku, ja wa kowanne wayarsa daban daga akwatin wuta, maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Ka guji adaftar da ke ɗauko wutar kati daga fulogin SATA. Wat 54 kacal aka ƙera shi ya ɗauka a layin 12V, kuma narkewa yake yi. Fulogin 12VHPWR mai ɗaukar har wat 600 dole ya shige gaba ɗaya, ba ko siririn tsaga, kuma kada a lanƙwasa wayar dab da bakinsa.

Zare babbar waya mai fil 24 da ta furosesa mai fil 8, ka haska cikinsu da tocila. Robar da ta yi ruwan ƙasa, fil da ya yi baƙi ko ya ja da baya, duk alamun zafi ne daga haɗin da bai kama ba. Mayar da su har ka ji ƙas. Ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, ta katin hoto 6 da 2, ba a musanya su. Idan akwatinka mai cire wayoyi ne, duba ɓangaren akwatin ma. Kada ka taɓa amfani da wayar wani akwati a wani, ko da bakin ya shiga: jerin filolin ya bambanta tsakanin kamfanoni, har tsakanin samfuran kamfani ɗaya, kuma kuskure a nan yana ƙona ma'ajiya da kati nan take.

13. Zan iya auna akwatin wuta da mita, ko in gwada shi ba tare da sayen wani ba?

Ƙa'idar ATX da aka daɗe a kanta ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100: layin 12V tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25, na 3.3V tsakanin 3.14 da 3.47. A fulogin Molex da ba a amfani da shi, rawayar waya 12V ce, ja 5V, baƙaƙe kuma ƙasa. Auna tana zaune, ka sake aunawa ana gwaji. Idan 12V ya nutse ƙasa da 11.4, akwatin ya gaza. Amma in ya nuna lafiya, bai wanke shi ba, domin mita ba ta kama fizgar tambaya ta 10. Gwajin haɗa koriyar waya da baƙa kuwa nuna cewa akwatin yana tashi kawai yake yi.

Gwajin da ya fi amfani shi ne rage wa katin hoto ci. A manhajar MSI Afterburner sauke iyakar wuta, wato Power Limit, zuwa kashi 70, ka ƙayyade wasan a firem 60 a daƙiƙa. Idan mutuwar ta tsaya alhali dama zafi bai yi yawa ba, hanyar wuta ce. Tabbaci na ƙarshe shi ne aron akwati mai kyau da ya fi naka ƙarfi, tare da wayoyinsa.

14. UPS ko wayar ƙari da na jona tana da hannu?

Tana iya samu. Ƙarfin UPS da VA ake rubuta shi, ba wat ba, kuma mai 1000VA sau da yawa wat 600 ne kawai. Abin da kwamfuta ke ja daga bango ya fi abin da sassanta ke ci: wat 500 a ciki, a akwati mai ingancin kashi 90, ya haura 550 a bango, ga kuma allo. Idan UPS ya yi ƙara dab da mutuwar, an gama bincike. Wasu akwatunan zamani kuma ba sa jituwa da UPS ko inbata da ba ta fitar da tsantsar igiyar wuta, sai su mutu lokacin sauyawa zuwa batir. Jona kwamfutar kai tsaye a soket ɗin bango, da wata wayar wuta daban, ka maimaita gwaji na 6.

15. RAM da saitin BIOS fa?

Waɗannan sun fi jawo shuɗin allo, rufewar wasa, ko sake tashi, ba mutuwa ɗif ba, amma kawar da su ba ya cin lokaci. Saitin XMP da EXPO na RAM ƙarin gudu ne a kan na asali, ko da an rubuta lambar a kwalin RAM. Shiga BIOS ka mayar da komai saitin masana'anta, wanda zai kashe su tare da duk wani ƙarin gudu ko rage wutar furosesa da aka yi. In ta ƙi, zare fulogi ka cire ɗan batirin madabod, CR2032, na minti 5. Sa MemTest86, mai gwada RAM, a filashi ka bar shi ya yi zagaye 4. Kuskure ko ɗaya ne, kuskure ne. Sai a gwada sanda ɗaya-ɗaya. A madabod mai ramuka huɗu, sanduna biyu yawanci a A2 da B2 suke zama.

Masu Intel Core zuriya ta 13 da ta 14, musamman i7 da i9, su sabunta BIOS. Intel ta amince da matsalar wuce kimar wuta da ke lalata waɗannan furosesoshi a hankali, ta fitar da gyaran da ke zuwa ta BIOS mai lamba 0x129 a Agustan 2024 da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Kada a sabunta BIOS a kwamfutar da ke mutuwa ko tana zaune.

16. Ta yaya madabod ke zama sanadi?

Kewayen soket akwai jerin ƙananan sassa da ake kira VRM, masu sauke 12V zuwa ɗan abin da furosesa ke buƙata, wajen bolt ɗaya da ɗoriya. Idan aka ɗora furosesa mai ci a kan madabod mai araha wanda VRM ɗinsa ba shi da ƙarfen sanyaya, sai su yi zafi su rage gudu ko su yanke, alhali furosesan yana sanyi. Mai sanyaya ta ruwa tana ƙara tsananta wannan, tunda babu fankar da ke hura wurin. Idan awonsu ya haura digiri 100, saita ƙaramar fanka a kansu ka sake gwaji. Ko ka kunna Eco Mode a Ryzen, ko ka rage iyakokin wuta na PL1 da PL2 a Intel. A tsohon madabod kuma nemi kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa.

17. In sake ɗora Windows?

Idan mutuwa ɗif ce mai BugcheckCode sifili, ɓata lokaci ne. Idan baƙin allo ne da fankoki na juyawa, cire direban katin hoto da manhajar DDU a Safe Mode na Windows ka sa sabo.

18. Zan iya buɗe akwatin wuta in gyara, ko in ci gaba da amfani da ita a haka?

Kada ka buɗe shi. Babbar kafasitar ciki tana aiki a wajen bolt 400, kuma tana iya riƙe caji bayan an zare fulogi. Hure masa ƙura ta raga ya wadatar. Ci gaba da amfani kuma yana da farashinsa: kowace yankewa tana iya lalata fayil ɗin da ake rubutawa, akwati mai mutuwa kuma wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai. Kwafe muhimman fayilolinka tun yau, ka bar iyakar wuta ta tambaya ta 13 a kunne har a gyara. In ka ji ƙaurin roba, ko ƙarar tartsatsi, ko ka ga fulogi ya narke, zare ta daga bango kada ka sake kunnawa.

19. Na bi duk wannan ban gano ba. Me ya rage?

Fitar da madabod daga gidansa ka ɗora a kan kwali, da furosesa, sandar RAM ɗaya, ma'ajiya ɗaya da akwatin wuta. Wannan yana kawar da sukurun da ya faɗa baya, ƙafar tagulla da aka ɗaura a inda babu rami tana taɓa bayan madabod, da maɓallin kunnawa ko na sake tashi da ke haɗewa da kansa. Ana tayar da ita ta taɓa filoli biyu na PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, da bakin sukundireba. Idan furosesan yana da sashen hoto a cikinsa, fara gwaji ba katin hoto, sannan ka sa shi, ba tare da wayar miƙa ramin PCIe ba in dama kana amfani da ita.

Mayar da sauran kaya ɗaya-ɗaya, kana maimaita gwaji iri ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, kana rubuta abin da ka canza. Wanda ya canza abu uku a tashi ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba. Idan har da aron akwatin wuta mai kyau tana mutuwa a gwajin katin hoto kaɗai, kai katin wata kwamfuta. In ya kashe ta ita ma, sashen wutar katin ne ya lalace. Idan katin ya yi lafiya a can, saura madabod da furosesa, kuma tsakanin su biyun madabod ya fi yawan zama mai laifi. Lokacin mayar da sashe ga garanti, haɗa da fayil ɗin HWiNFO, sunan gwajin da ke kashe ta, da mintin da take ɗauka kafin ta faɗi.